Daga Gummi Zuwa Anka da Baƙin Man Suruki

In na ce muku da idona na ga jaki ɗauke da mangalar albasa ya wuce motar da anka ƙera don tsere, har mai jakin ya waiwayo ya yi mana sannu, na san abin da za ku ce: ya fara halin nasa. To ku ce. Ni dai har yau bayana bai gama miƙewa ba, kuma babbar rigata ta Sallah tana nan rataye a igiya. Mai musu ya zo ya shinshina.

Mun tashi da asuba daga Anka, ni da taubashina, ɗan kawuna. Shi ne wanda ya je karatu ƙasar Turawa. Wasu in sun je can su dawo da firij da talabijin, shi sai ya dawo da mota mai ƙofa biyu, ja wur, cikinta na shafar ƙasa kamar damo. Duk abin da ya tara a duniya yana cikin motar nan. In ta mutu, sai dai ya koma keke, keken ma na aro.

Gummi munka nufa. Matarsa ta je gida haihuwar fari, ta gama wanka, za mu ɗauko ta da jinjiri. Ni kuwa ba don kyauna anka tafi da ni ba, aikin baki anka ɗauke ni. Kun san al'ada: mutum ba ya ɗaga kai gaban surukinsa, ba ya musu, ba ya cin abinci a gidan. Dole a tafi da wani marar kunya ya yi magana ya kuma ci tuwo. Duk danginmu da anka duba, ni anka ga na cika sharuɗɗa.

Tun daga bayan gari ya fara mini karatun baƙin mai, ni da ban karya ba. Wai kowane mai da kaurinsa, kuma kaurin ba ya zama wuri ɗaya. Kamar man shanu ne, da safe ya kama jikinsa, rana ta yi ya tsinke. Motar ta zo da man ƙasar sanyi, tsinkakke, ranar da ya fara taka ta cikin zafinmu sai jar fitilar mai ta dinga ƙifta masa ido duk inda ya tsaya. Shi ya sa ya tafi har Kaduna neman mai lamba biyu, ashirin da hamsin. Ashirin ɗin don ya yi saurin hawa kan inji da an murza makulli, hamsin ɗin don kada ya koma ruwa in inji ya ɗau zafi. Hanyoyin mai a cikin injin nan, in ji shi, kamar kafar allura suke, shi kuwa injin juyawa yake kamar mazari. Mai ya cika tsinkewa, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ya cika kauri, kafin ya lallaɓa ya isa sama, ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Na ce ashe ko ta ina anka bi dai mutuwa ce. Galan biyu ya samo, a zamanin nan da ko sabulu sai ka yi layi. Ya juye ɗaya a inji, ɗaya yana but, wurin kaya a bayan mota, kamar guzuri.

Gaskiya a faɗe ta, da tafiya motar ta yi abin kirki. Inda kwalta ke da lafiya, itatuwa ba wucewa suke ba, ɓacewa suke. Inda kwalta ta mutu kuwa sai mu koma kamar masu tsallake kwata, yana kauce wa rami yana salati, kowane dutse ya taɓa cikin motar sai ya dafe nasa cikin. Bazara ce, gonaki fayau, an share an tara kara ana jiran ruwa. Shanun Fulani sun rame har kana ƙirga haƙarƙari daga cikin mota. Mun tsaya wani ƙauye na sha fura, dunƙulen ya ƙanƙance kuɗin ya ƙaru, na tambayi mai furar ko ita ma furar karatu ta je waje. Ta ce in ban sha in aje mata ludayi.

Da hantsi munka shiga Gummi. Surukin tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jigilar shinkafa da gyaɗa, yanzu ya aje sitiyari yana zaune a zaure yana ba duniya shawara. Rabin direbobi da bakaniken hanyar nan daga hannunsa sunka fito, kowa Baba yake ce masa. Taubashina ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya kafa ido a ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi. Anka sauke mu a wani ɗaki kusa da zaure. Babu komai ciki sai tabarma da wani tsohon keken ɗinki da kaza ta mai da shi wurin ƙwai. Na taka shi don wasa, ko motsi bai yi ba. Anka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi kwano biyu. Na yi aikina tsakani da Allah, na cinye nawa na cinye nasa.

Bayan azahar Baba ya fito ganin mota, unguwa ta biyo shi. Ni kuwa ciki ya ɗauka, baki ya saku. Na ce, "Baba, ai tun Anka nika gaya mai, ƙasag ga duk babu wanda yas san ciwon inji kamarka. An ce mota na wucewa bisa titi kai kana zaure kana hwaɗin abin da ad damunta."

Yabo ne irin na bayan tuwo, wanda ake yi a tashi. Baba bai ɗauke shi haka ba. Ya gyara hula ya ce a buɗe mai bakinta.

Ya zaro tsinken auna mai, ya shafa a yatsa, ya murza, ya shinshina, ya girgiza kai. Bai dubi surukinsa ba, don shi ma da tasa kunyar. Ni ya duba.

"Gaya ma ɗan'uwanka an cuce shi. Wanga ba mai ba na, ruwan wanke hannu na."

Na ji an mintsine ni a ƙafa. Na ce, "Baba, wai ita irin nata man daban na, hakanan masu ita sunka rubuta."

"Inji inji na," in ji Baba. "Ka taɓa ganin ƙato ya ƙoshi da farau-farau?"

Mutane sunka yi dariya, ni ma na yi, don dai maganar ta yi daɗi. Kafin in nemo wata dabara har an mirgino wani ɗan duro daga cikin gida. Haɗinsa ne na kansa: man babbar mota mai lamba arba'in, ya dama shi da man giyar mota irin mai kaurin nan. Da shi yake rufe bakin tsofaffin injuna masu hayaƙi da ƙara. Ya sa sanda ya juya, sandar ta tsaya da kanta a tsakiya. Ba ƙari na yi ba. To, ko na yi, kaɗan ne.

Tsohon nan da furfurarsa ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashin mota, ya kwance noti da hannunsa. Man Kaduna ya tsiyaye cikin wani tsohon kwano, ya ce a kai wa mai injin niƙa sadaka. Ya ɗura nasa, yana zuba a hankali kamar maɗi, yana bismilla. Duk wannan taubashina yana tsugune, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Da anka gama, abin da ya fito daga bakin mutumin da ya yi mini karatun mai tun daga Anka shi ne, "Mun gode. Allah shi ƙara girma."

Da munka koma ɗaki ya ce mini kalmomin da ba a rubutawa. Na ce ya kwantar da hankali, ai akwai galan a but. Gobe da mun fita gari mu sami gindin itace mu juye na Baba mu zuba namu, wa ya gani, wa ya sani?

Allah ya kai mu goben. Anka fara fito da gara: buhun shinkafa, bandar kifi, tulun man shanu, daddawa, kuka, tabarmi, har da turmi ƙarami. But ɗin motar kuwa bai fi akwatin amarya ba. Don a sami wuri sai wani ya ciro galan ɗinmu ya cusa shi bayan kujerar direba. Sannan anka fito da 'yar rakiya, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya, Gwaggo, mace mai jiki da ciwon gwiwa. Shigar da ita bayan mota mai ƙofa biyu aiki ne na gayya: a kwantar da kujera, wani ya ja, wani ya tura. Da ta zauna sai ta laluba da ƙafa, ta ji galan, ta ɗora ƙafafunta biyu a kai, ta ce alhamdulillahi. Mai jego ta shiga gefenta da jinjiri. Ni da taubashina munka dubi juna.

Ya murza makulli, inji ya yi nishi kamar raƙumi zai tashi da kaya. Da ƙyar ya kama. Sai wata ƙara daga sama, kyat-kyat-kyat, kamar ana yanka kuɓewa a faranti. Man bai isa can ba. Baba ya kara kunne ya yi murmushi.

"Ka ji ta? Yanzu tas samu abinci. In kun kai ku aiko mani labari."

Haka munka fita Gummi. In ya taka totur, motar ta yi kamar ana jan ta da igiya ta baya, allurar zafi ta fara hawa. In ya sassauta, ta ɗan sauko. Sai ya zamana muna tafiya irin ta masu rakiyar gawa. Kiya-kiya ta wuce mu. A-kori-kura ta wuce mu. Wata babbar mota da na tabbata ta girme ni ta wuce mu, ta bar mana hayaƙi. Abin da ban lissafa ba shi ne, duk motar da ta wuce da labarinmu take wucewa.

A wata mararraba munka hango rumfar bakanike. Na ce a tsaya, zan ja shi gefe mu shirya, ko da man da ke gare shi ne mu lallaɓa. Ban rufe ƙofa ba mutumin ya taso yana goge hannu yana washe baki.

"Maraba da surukan Baba. An ce da hannunai yaz zuba muku haɗin. Mu da munka yi shekara da shekaru ƙarƙashinai bai taɓa ba mu ko cokali ba. Ƙaƙa kuka jin ta?"

Na ce lafiya lau, kamar an sake ta. Na ce ruwan sha munka tsaya nema. Ya ba mu, munka sha, munka ƙara gaba da masifarmu.

Nan na gane girman abin. In munka zubar da man a idon wani, kafin mu kai Anka labari ya koma Gummi cewa yaron da ya je Turai ya zubar da kyautar surukinsa a kwararo. Irin wannan magana ba ta mutuwa, sai a yi ta har ranar auren jinjirin nan. In kuwa munka bar shi, inji ya tafi, kuma babu mai kayansa daga nan har Legas.

Dabara ta gaba, Bukkuyum. Ranar kasuwa ce, na ce mu ratse mu sauke mata gidan wata 'yar'uwar Innarmu su huta su yi sallah, mu kuwa mu zaga bayan gari da galan. Munka kutsa cikin jakuna da raƙuma da masu kai wake da dawa. Kasuwar ta cika, amma fuskoki babu daɗi, gero ya hau, kowa na duban sama yana tambayar ɗan'uwansa ko an yi ruwa wajensu. Mutane sunka bar ciniki sunka kewaye mu, wani dattijo ya tambaye ni ko sauran motar na baya tafe. Na sayi tsire, rabi nama rabi ƙuli. Na leƙa na ce Gwaggo ta fito ta miƙe ƙafa.

"In na hita wa ka maishe ni? Nan nika sai Anka."

Ƙafafunta ko gezau a kan galan. Kafin in sake magana wani direba ya ɓullo daga tasha yana kiran "surukan Baba", shi ma ɗan makarantar Baba ne. Munka gaisa, munka yaba mai, munka fice.

Bayan Bukkuyum ne jakin nan ya wuce mu. Rana ta take, ƙarfen mota ba ya taɓuwa, zafin inji yana shigowa ta ƙafafunmu. Allura ta kusa jan layi. Ƙarar ta tashi daga yankan kuɓewa ta koma sassaƙar turmi. Na gaji da zama, na gaji da ƙarya, na gaji da warin kifi da daddawa da ke tasowa daga baya.

Sai jinjiri ya tsage da kuka. Ba kukan yunwa ba, kukan wanda ake gasawa. Mai jego, wadda tun jiya kunya ta tsare ta tsakanin ubanta da mijinta, ta ce da ni a hankali, "Yaya, yaron ga ya jiƙe sharkaf." Taubashina ɗan fari ne gare shi, al'ada ba ta bar shi ya nuna ya san da yaron ba, tun Gummi ko waiwaye bai yi ba. Na ga ya ɗaga ido ya dubi madubi. Ya daɗe yana duba. Sai kawai ya karya sitiyari ya sauka daga hanya, ya nufi wata tsamiya a bakin busasshen rafi, ya sa motar ta haye wani ɗan kwari, taya biyu nan taya biyu can, ya kashe ta.

Mai jego ta fito da yaro ta zauna inuwa tana yi masa fifita. Shi kuwa ya tsaya ya dafa mota yana kallona. Aiki ya dawo kan marar kunya. Na leƙa na ce, "Gwaggo, taya ta yi sanyi. Galan ɗin ga muka so mu tokare jak da shi."

Ko jaki ya san ba a tokare jak da galan. Gwaggo ta dube ni. Ta ɗaga ƙafafu, na zare, ta ja mayafi ta rufe fuska kamar mai barci.

Sai matsalar abin tara mai. Wata Bafillatana ta biyo hanya da ƙwaryar nono daga kasuwa, ba ta sayar ba. Na ce ƙwaryar muke so. Ta ce ba ta raba ƙwarya da nono. Munka saye duka, kuma ba a zubar da nono, don haka na kafa kai, taubashina ya taimaka da kurɓi biyu. Da ciki kamar tulu na cusa kaina cikin kwarin nan ƙarƙashin mota, da sifana a hannu, Gwaggo na zaune daidai saman kaina. Notin da Baba ya ɗaure sai da na kira sunan kakannina kafin ya motsa. Da ya kwance, man ya zubo da zafinsa, kashin farko a hannun rigata, na biyu a wuyana, saura a ƙwarya. Da zafin nan nasa ma a hankali yake sauka, yana igiya. Bafillatanar ta tsuguna tana kallo, ta ce ashe ita ma tatsarta akai.

Munka jira ya tsiyaye har ɗigon ƙarshe, munka jira inji ya huce, munka juye na Kaduna. Na Baba kuwa taubashina ya ce ba a zubar da kyautar suruki a daji. Munka ɗura shi cikin galan ɗin da ya zama fanko, na mayar bayan kujera. Gwaggo ta sauke ƙafafu a kai, da ɗuminsa, ba ta buɗe fuska ba.

Ya murza makulli. Ƙarar ta yi kaɗan, ta yi ƙasa, ta ɓace. Allura ta koma tsakiya ta zauna. Na ga mutum ya kifa goshi a sitiyari kamar mai sujada. Amma ko da munka hau hanya bai yi gudu ba, kunnensa na kan inji, idonsa na kan madubi. Mun tarar da mai jakin nan a gaba, na so in rama sannun da ya yi mana, ƙarfin ɗaga hannu ya gagare ni.

Ana kiran magariba munka shiga Anka, tafiyar da jiya munka yi kafin rana ta yi zafi. Inna ta fito ta karɓi jinjiri, anka yi gayyar fito da Gwaggo, ni kuwa yara sunka gan ni da baƙin wuya sunka watse.

Abin da na koyo? Mai ba tuwo ba ne da za a ce mai kauri ya fi riƙe ciki. Kowane inji da abin da maƙogwaronsa ke iya haɗiya: na Baba ya yi daidai da tsofaffin motocinsa, na ƙasar sanyi ya yi daidai da sanyinsu, mai ja wur ɗin nan kuwa a zafinmu sai mai lamba biyu. In za ka gidan suruki direba, ka tafi a motar haya. In kuwa ka ci tuwo kwano biyu, ka yi godiya ka yi shiru.

Saura abu ɗaya. Gwaggo za ta koma Gummi bayan kwana biyu, kuma duk abin da ya faru a kan kanta ya faru. Washegari taubashina ya ba ni goro ya ce in je in roƙe ta ta rufa asiri. Na same ta a tsakar gida tana shafa man zafi a gwiwa. Na tsuguna, na kewaya, na kawo zancen taya da jak, na ce in Baba ya tambaya, mota ta zo lafiya da mansa. Ta karɓi goron ta ɓare, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa za ni gaya ma? Keken ɗinkin da kag gani kaza na ƙwai bisa, nawa na, kuma man nan na yak kashe shi. Tun ƙohwar gida nika taka muku galan ina jiran wani ya ce Gwaggo ɗaga. Duk motag ga namiji guda na yab buɗe baki yay yi magana, shi ko ko haƙori bai da."